Sunan da Shu'aibu Ya Roƙa

A unguwar Nasarawa Gwom ta garin Jos, idan ka bi layin masu gyaran keke har inda kwalta ta ƙare, za ka ga wata rumfar kwano da ƙofofin ƙarfe jingine a jikinta, wasu an shafa musu jan fenti, wasu ba a kai ga shafawa ba. Rumfar Shu'aibu mai walda ke nan. Dogo ne marar jiki, idanunsa kullum ja, don ya fi son ya ɗaga gilashi ya duba aikinsa da ido tun ƙarfen bai huce ba. Ba shi da yawan magana. Ƙofar gidanmu shi ya yi ta, ta masallacin layinmu ma shi ne, kuma har yau babu wadda ta taɓa yin ƙara.

Gidansu yana unguwar Ali Kazaure, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ya girme ni sosai, Yaya nake ce masa kamar yadda ƙaninsa Nura yake ce masa. Abin da zan faɗa a nan, wani na gani da idona, wani kuma mahaifiyata ce ta gani, don a tsakar gida ya faru, cikin mata. Na tambaye shi ko in rubuta. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, sannan ya ce, "Rubuta. Wa ya rage a layin nan da bai sani ba?"

Sunan nasa na Annabin Allah ne, Annabi Shu'aibu, wanda aka aiko wa mutanen Madyana ya hana su tauye mudu da sikeli. Malaminmu na Islamiyya ya taɓa ce mana tushen sunan a Larabci daga kalmar jama'a yake, sai aka ƙanƙanta ta, kamar ka ce 'yar ƙaramar al'umma. Yakan kuma matsa mana mu faɗe shi daidai. Idan ka ce Shu, sai ka ɗan datse numfashi a maƙogwaro kafin ka ƙarasa. To amma a Jos wa yake da lokacin datse numfashi? Masu keke Shaibu suke ce masa. Masu kawo masa aiki daga Bukuru su ce Oga Shebu. Obum, wanda yake sayar masa da rodi da fayif, shi kuma Oga Shwaib yake cewa, ya haɗiye ƙarshen gaba ɗaya. Duk yana amsawa.

A gida kuwa babu mai faɗin sunan ko ta wace siga. Nura Yaya yake cewa. Matarsa Salma takan ce Baban Adnan. Mahaifiyarsa, Inna Balaraba, dalilinta biyu ne. Na farko, shi ne ɗanta na fari, kuma mace mai kunya irin ta da ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa a gaban mutane. Na biyu, sunan surukinta aka sa masa. Malam Shu'aibu babba ya zo Jos daga ƙasar Katsina zamanin haƙar kuza, ya yi aikin rami har ƙirjinsa ya lalace. Inna tana amarya ta same shi a kwance, ita ta yi jinyarsa, ya rasu tana da ciki. Da aka haifi namiji babu wanda ya tsaya shawarar suna. Ita kuma sai ta ɗauki lakabin da take kiran tsohon da shi ta ɗora wa jaririn. Dattijo.

Ita kaɗai take kiransa haka. Ko mahaifinsa, kafin ya rasu, Baba yake ce masa. Mu maƙwabta mun taso muna jin sa ta kan katanga, musamman da safe lokacin damina, idan sanyin Jos ya hana kowa taɓa ruwa. Takan ɗora tukunya tun da asuba, idan ruwan ya yi zafi ta tsaya nesa da ƙofarsa, ta ce a hankali, "Dattijo, ruwa." Kalma biyu ke nan, ba ta ƙarawa. Har ya yi aure ya haihu ba ta bar wa Salma wannan aikin ba.

Shu'aibu ya san al'ada, babu wanda ya ɓoye masa. Amma sanin bai hana abin ya riƙa cinsa ba. Lokacin yarintarsa akwai wata maƙwabciyarsu, Mama Loyis, mai sayar da kabeji da karas, ƙawar Inna ce ta ƙut da ƙut tun kafin rikice-rikicen garin su sa kowa ya koma cikin nasa. Ɗanta na fari Robert sa'an Shu'aibu ne, tare suke zuwa firamare. Idan an tashi, Mama Loyis takan tsaya a ƙofar gida ta buɗe murya, "Robert! Robert nawa, zo nan in ga fuskarka!" Ta kama kansa ta goge masa hanci da bakin zani, ta duba littafinsa ko da ba ta iya karatu ba. Shi kuwa Shu'aibu idan ya shiga gida ya yi sallama, Inna takan amsa tana kallon murhu. Nura ya zo bayansa, shi ana kiran sunansa, ana zaginsa, ana goya shi, ana yi masa waƙa. Ranar da Shu'aibu ya sauke Alƙur'ani, mata suka cika gidan suna yi mata barka, ita kuwa ta shige ɗaki ta ƙi fitowa, kamar ɗan wata ne ya yi saukar. Haka ake so uwa ta yi, kowa ya yaba mata. Shi dai ya tsaya a zaure da allonsa yana leƙen labule.

Da ya haifi Adnan sai ya ƙi bin wannan hanyar. Yana kiran yaron da sunansa, yana ɗaukarsa a wuya har rumfa. Inna ba ta taɓa hana shi ba.

Wata rana a rumfa yana aikin wani gadon ƙarfe, wayarsa tana ajiye a kan benci tana wa'azi, ya ji malamin ya taɓo zancen. Malamin ya ce kunyar ɗan fari al'ada ce, ba addini ne ya ɗora wa kowa ba, kuma babu laifi uwa ta kira ɗanta da kyakkyawan sunan da aka raɗa masa. Shu'aibu ya kashe injin ya sake saurara. Ya sake. Daga ranar ya riƙa kunna wa duk wanda ya zauna a bencin nan. Abin da ya daɗe yana jin nauyin faɗa, yanzu ya samu inda zai jingina shi.

Sai Salma ta haifi mace, aka sa mata Zakiyya. Ranar suna tsakar gida ta cika da mata, ana toya masa, ana zuba miyar taushe, maza kuma suna waje a kan tabarmi. Shu'aibu ya shiga ciki ɗaukar kular abinci, Nura yana bayansa. Inna tana bakin murhu da ludayi a hannu. Shu'aibu yana tsaye kusa da ita har inuwarsa tana kan tukunyar, amma sai ta tsallake shi ta ce, "Nura, ce wa Dattijo gawayi ya kusa ƙarewa."

Abu ne da ta saba yi kullum. Ranar dai ya ajiye kular.

"Inna, ga ni fa a gabanki."

Ta kau da kai. "To, an ji."

"Ba a ji ba. Inna, ni ba ni da suna ne?"

Mata suka yi dariya, sun ɗauka wasa ne. Gwaggo Hanatu, ƙanwar mahaifinsa, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ce, "Kai ɗan nan, fita ka ba mu wuri. Ko a samo maka zani ka ɗaura ka zauna?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Gwaggo, ki bari. Malamai sun faɗa, wannan kunyar ba addini ba ce. Sunan Annabi ne aka sa mini, ba zagi ba. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinta ba. Yau dai a gaban kowa ta faɗa sau ɗaya in ji."

Nura ya ja masa riga. Ya fizge.

"Ko kuwa haihuwar tawa ce abin kunyar, Inna?"

Mahaifiyata ta ce da ya faɗi wannan, ko mai da yake ƙara a tanda sai da aka ji kamar ya yi shiru. Inna ta ajiye ludayin a kan murfi. Ta gyara mayafinta. Sannan ta ɗago ta dube shi cikin ido, abin da babu wanda ya taɓa ganin ta yi.

Ta ce, "Shu'aibu."

Daidai ta faɗe shi, yadda malamin Islamiyya yake so, har da datse numfashin nan a tsakiya. Ashe ta iya, ta fi duk mutanen garin iyawa.

"Ka ji? To, Shu'aibu, ɗauki kular ka fita. Mutane suna jira."

Ya ɗauka ya fita. Ina cikin waɗanda suke waje, na ga ya ajiye kular a gaban baƙi, ya koma gefe ya zauna a kan dutse bai ci komai ba. A lokacin ban san dalili ba. Kafin magariba kowa ya sani.

Washegari da safe muna karyawa muka ji muryarta ta kan katanga, ba a hankali ba kamar da.

"Shu'aibu! Ruwanka ya yi zafi."

Mahaifiyata ta sa hannu ta rufe bakinta.

Daga ranar Inna ba ta sake cewa Dattijo ba. Ba ta yi fushi irin wanda aka sani ba. Ba ta daina gaisawa da shi ba, ba ta daina dafa masa ruwa ba, ba ta kai ƙararsa wurin kowa ba. Sunansa kawai ta riƙa kira, duk inda ta gan shi. Idan ya dawo daga aiki dattawan layi suna zaune a dakali, ita kuma tana ƙofar gida, sai ta ce, "Shu'aibu, an dawo?" Dattawan su sunkuyar da kai kamar su ne suka yi laifin. Ta daina aika Nura wurinsa. Ta dube shi kai tsaye ta faɗi abin da take so, kamar yadda take yi wa mai kawo ruwa a kura ko ɗan hayan da yake ɗakin zaure. Idan ya kawo cefane ta ce, "An gode, Shu'aibu, Allah ya saka." Da can ba ta gode masa. Takan kau da kai ne ta ce wa Salma, "Ɗauke kayan nan daga hanya."

Sai a lokacin ya gane abin da ya yi. Duk faɗin duniya mutum ɗaya ne take kauce wa sunansa saboda shi nata ne na farko, shi kuma da bakinsa ya roƙa a mayar da shi kamar kowa. Sannan ga tsohon da yake kabari, wanda ta yi shekaru tana tsare sunansa. Duk kiran da ta yi, shi ma sai ta kama nasa.

Labari ya kai rumfa. Matasan da suke zama a bencinsa suka daina tambayarsa ya kunna wa'azin. Wani mai keke mai ƙafa uku marar ta ido yakan rage gudu idan ya zo wucewa, ya maƙe murya irin ta mata ya ce, "Shu'aibu, an dawo?" ya ƙara mai. Wanda ya fi yi masa ciwo ma Obum ne, don shi da zuciya ɗaya ya yi maganar. Ya kawo rodi yana saukewa ya ce, "Oga Shwaib, na ji wai Mama ya fara kiran sunanka. Ai abu mai kyau ne! Ni nawa daga ƙauye yana kira na a waya, Obum, Obum, har kunnena ya gaji. Me ya sa fuskarka ya yi haka?" Shu'aibu ya sauke gilashin walda ya rufe fuskarsa, alhali ko injin bai kunna ba.

Ya koma fita tun kafin ruwan ya yi zafi, yana wanka da na sanyi don kada ya ji kiran. Sai ta riƙa aje masa a bokiti a ƙofar ɗaki, idan ya dawo da yamma ta ce, "Shu'aibu, ka bar ruwanka ya huce." Ya rame. Ya haɗa wata ƙofa a juye, sai da ya yanke ta ya sake, shi da ba ya aiki sau biyu.

Ya saya mata atamfa. Ta buɗe ta duba ta ce, "Tana da kyau, Shu'aibu." Ya je ya roƙi Gwaggo Hanatu ta sa baki. Gwaggo ta fara wanke shi tas, sannan ta tafi. Inna ta saurare ta har ta gama, ta ce, "Hanatu, laifin me na yi? Sunansa ne. Sunan Annabi ne, shi ya faɗa. Na saɓa wa Allah ne?" Gwaggo ta dawo ta ce masa, "Ni dai ban samu ta inda zan kama ta ba."

Har wurin limamin layinmu ya je. Liman ya ce, "Abin da malamin nan ya faɗa gaskiya ne, ba farilla ba ce. Amma a wane karatun ka ji an ce ka tsare mahaifiyarka a gaban mata ka yi mata tambaya? Wancan al'ada ce, wannan kuwa da ka yi akwai hukuncinsa a littafi." Shu'aibu ya ce to yanzu yaya zai yi. Liman ya ce, "Idan ta kira, ka amsa."

Haka ya koma yi. Ya daina gudu da asuba. Duk inda ta kira, a gida ko a gaban dakali, sai ya russuna ya ce, "Na'am, Inna," kunnuwansa suna zafi. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta kama.

Cikin wannan lokacin ne Mama Loyis ta aiko ya zo ya sa mata ƙofa a shagonta. Tun da suka tashi daga layinmu take zaune a unguwar Congo-Russia, ta tsufa, amma duk suna ko biki a gidan Inna sai ta zo da kabejinta. Ranar sunan Zakiyya ma tana wurin. Ta bari har ya gama aiki, ta ba shi kujera ta zauna a kan buhu.

"Shaibu, kai wawa ne."

"Na sani, Mama."

"Ba ka sani ba. Kana ganin ina kiran Robert, kana jin daɗi. Kai ka san rabin kiran zagi ne? Ni bakina a buɗe yake, haka aka haife ni. Balaraba nasa a rufe." Ta nuna idanunsa. "Ka tuna lokacin da ka fara koyon aikin nan, wuta ya shiga idonka, ka kwana kana ihu?"

Ya ce ya tuna. Ita ce ta zo ta ɗiga masa magani, ta zauna a bakin gadonsa.

"Wa ya aiko ni? Kana tsammani mala'ika ne? Mamanka ya zo gidana ba takalmi. Ya yi kuka a ɗakina, don ba zai iya yi a gidanku ba, mutane za su ce ba ya da kunya. Ya ce, Loyis, je ki duba min Dattijo, ki dawo ki faɗa min ko zai gani. Ina fitowa yana bayan katanga yana jira. Ranar saukarka ma da ya shige ɗaki, ina ciki. Rawa ya yi, wallahi, ni kaɗai na gani."

Shu'aibu ya ce zai je ya roƙi Inna ta daina, ta koma yadda take.

Mama Loyis ta ce, "Ka ga wautar? Da ka ce ya faɗa, ya faɗa. Yanzu za ka ce ya daina. Kai ne kake ba da oda har yanzu. Kar ka roƙi komai."

Ba a daɗe ba matar Nura ta haifi namiji. Nura ya zo rumfa da fara'arsa ya ce, "Yaya, an yi maka takwara."

Shu'aibu ya miƙe tsaye. "Ka canza."

"Na riga na yi masa huɗuba, Yaya. Tun kafin in yi aure na yi niyya."

"Nura, ka san halin da ake ciki."

"Na sani. Amma ba zan fasa sa wa ɗana sunan wanda ya riƙe ni ba saboda ana halin da ake ciki."

Kowa a gidan ya gane abin da ke tafe. Ranar suna za a miƙa wa kaka jariri, za a tambaye ta sunan angonta kamar yadda aka saba. Idan ta buɗe baki ta ce Shu'aibu a gaban mata, to magana ta ƙare. Sunan ya zama na kowa a bakinta, babba da ƙarami, har iyakar rayuwarta.

Ranar aka tashi da ruwa. Ya ɗauke da hantsi, amma tsakar gidan duk ta jiƙe, mata suka takure a ƙarƙashin rumfa da bakin ɗakuna. Bayan an yi addu'a an watse daga masallaci, Shu'aibu ya shiga zaure. Bai wuce ƙofar da take buɗewa tsakar gida ba. Ya cire takalminsa, ya taka cikin ruwan da ya kwanta a bakin ƙofar, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai. Inna tana bakin murhu inda take wancan karon. Bai dube ta ba.

Ya ce, "Gwaggo."

Gwaggo Hanatu ta ce, "Yau kuma da me ka zo? Mu ɓoye ludayi?"

Wasu suka yi dariya kaɗan, suka haɗiye.

"Aike zan ba ki."

"Wurin wa?"

"Wurin mai murhun can."

Gwaggo ta dube shi da kyau. Ta gyara zama ta ce, "Ina ji."

"Ki ce mata wanda ya yi magana a wurin nan bara bai san abin da yake yi ba. Ki ce ya taɓa ta, ya kuma taɓa wanda yake kabari. Ba abin da ya zo nema. Ya zo ne dai waɗanda suka gan shi a tsaye su gan shi a tsugune."

Tsakanin Gwaggo da Inna bai wuce a miƙa hannu ba, amma Gwaggo ta juya sosai ta ce, "Balaraba, an aiko ni." Ta maimaita maganar kalma bayan kalma, ba ta ƙara nata ba, abin da ba a taɓa gani ba a wurinta.

Inna ta ci gaba da juya miya. Ruwan indararo yana ɗiga kusa da kafaɗarsa, rigarsa ta fara jiƙewa, bai matsa ba. Mata suka rasa inda za su sa idanunsu. Salma ta shige ɗaki. Mahaifiyata ta ce ita kanta ji ta yi kamar ta tashi ta bar gidan.

Sai ga ungozoma ta fito da jaririn a naɗe cikin tawul da hular sanyi. Ta tsaya tana waige, ba ta san ko ta miƙa ba. Mama Loyis ta karɓe shi daga hannunta, ta taka har bakin murhu, ta ɗora shi a cinyar Inna. Dole Inna ta saki ludayin.

Mama Loyis ta ce da ƙarfi, "Balaraba, ni ban je masallaci ba, ban ji sanarwa ba. Yaya sunan sabon miji?"

Inna ta buɗe tawul ɗin ta duba fuskar. Ta ce, "Mummuna da shi. Wannan ko kyauta aka ba ni ba na so."

"Ban tambaye ki kyau ba. Suna na ce."

Inna ta gyara wa yaron hula. Ta sake gyarawa, alhali ba ta karkace ba. Sannan ta ja mayafinta ya sauko har kan goshi, ta juya bayanta ga ƙofar zaure, ta yi magana ƙasa ƙasa, sai na kusa ne suka ji.

"Mai sunan Dattijo ne."

Gwaggo Hanatu ta rangaɗa guɗa har jaririn ya firgita ya fashe da kuka. Inna ta ɗora shi a kafaɗa tana jijjigawa, ba ta waiwaya ba. Ta ce, "Nura yana ina? A ce wa mutumin can ya tashi daga cikin ruwa. Baƙi suna waje ba a kai musu abinci ba."

Shu'aibu ya tashi. Ya ɗauki kula ya fito mana da ita babu takalmi, ƙafar wandonsa tana ɗigar ruwa. Wani ya ce, "Oga Shebu, ina takalminka?" Shi dai ya koma ɗauko ta biyu.

Yaron yanzu yana tafiya. Mai Suna ake ce masa a gidan, don haka sunan ya sake ɓacewa daga tsakar gida, sai dai a takardar asibiti. Da safe mukan ji ta kan katanga, a hankali kamar da, "Dattijo, ruwa." Inna ba ta sake duban sa cikin ido ba, kuma idan ya kawo cefane Salma take ce wa ta ɗauke kayan daga hanya.

Shi dai abin bai sake shi gaba ɗaya ba. Har yau ba ya shiga tsakar gida idan mata sun taru, ko da kula ce za a ɗauko sai ya aiki Nura. Kwanan baya ina zaune a bencinsa wani malamin makaranta ya zo neman a yi masa tagogi. Mutum ne mai kula da lafazi. Ya yi sallama ya ce, "Kai ne Malam Shu'aibu?" Ya faɗe shi cikakke, da datse numfashin nan a tsakiya.

Na ga kafaɗar Yaya ta motsa. Ya sunkuyar da kai kafin ya amsa. Sannan ya ɗauko tef ɗin awo ya ce, "Ni ne. Amma Shaibu ma ya isa. Tagogin guda nawa ne?"